Tsohuwar Motar Tsere da Gargadar Guéné: Batun Shokozoba da Sifirin

Shekara da shekaru, motar gwanjo da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da niyyar kai ta Nijar ba ta da makawa sai ta bi ta Guéné. Hanyar ɗaya ce: a haura Parakou, a wuce Kandi, a ratsa Alfakoara da Goungoun, a iso Guéné, sannan a gangara Malanville inda gada ta haye kogin Kwara zuwa Gaya. Tafiya ce ta sama da kilomita 700. Yawancin motocin da ke cikin ayarin na neman abinci ne, Toyota da Opel da Peugeot da Golf waɗanda za su ƙare rayuwarsu a tasha. Amma jefi-jefi akan hango wata gajera a tsakiyarsu, cikinta ya kusa taɓa kwalta: Toyota Celica, Honda Prelude, BMW E36, Golf GTI, ko Peugeot 406 Coupé.

Wasu sun haye kogi, wasu sun maƙale a hannun 'yan kasuwa da ma'aikata da samarin Kandi da Malanville. An daina ƙera tsohuwar Prelude a 2001, Celica kuwa a 2006, saboda haka autarsu ma ta manyanta. Masu su suna son su so na gaske. Ana sake musu fenti, ana sa musu rediyo mai ƙarfi, idan inji ya yi tari da safe kafin azahar makanike ya gan shi. Abin da ake bari sai ya yi kuka da kansa shi ne ƙafafu: shokozoba da sifirin da robobin da ke riƙe da su. Mutane da yawa sun ɗauka kayan jin daɗi ne, in sun mutu iyaka dai a sha jijjiga. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana cin rayuka. Birki da sitiyari ba su da iko a kan mota sai ta hanyar taya, taya kuwa ba ta da iko sai tana dafe da ƙasa. Shokozoba ce ke dafe ta.

Aikin a rabe yake. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma ke yanke tsayinta daga ƙasa. Idan taya ta hau tudu sai ya lanƙwashe ya karɓi bugun. Matsalarsa ita ce bai iya riƙe abin da ya karɓa ba, sai ya mayar da shi, ya miƙe, ya sake lanƙwashewa, mota ta yi ta lilo har ƙarfin ya ƙare. Shokozoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta kawai ta kashe wannan lilon tun bai yi nisa ba.

A cikinta bututu ne cike da mai, da fistin mai ƙananan ƙofofi da siraran faranta na ƙarfe da ke buɗewa gwargwadon matsi. Duk wanda ya taɓa danna sirinji cike da ruwa ya san yadda abin yake: in ka danna a hankali ta tafi salin-alin, in ka danna da ƙarfi ta turje. Wannan turjiya ce ke cinye ƙarfin sifirin ta mayar da shi zafi. Shi ya sa direban da ya sauka daga doguwar hanyar burji, in ya kai hannu jikin shokozoba mai lafiya, zai ji ta da ɗumi sosai. Wadda ya samu da sanyi bayan irin wannan tafiya, to ta daɗe da barin aiki.

Zafin nan shi ne babban abokin gabarta a arewacin Benin. A ɗauka tazarar da ke tsakanin gargada da gargada mita guda ce, mota kuma tana gudun kilomita 80 a awa. Tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa ke nan, wato taya na hawa da sauka fiye da sau 20 a cikin daƙiƙa guda. A haɗa wannan da zafin watan Afrilu na yankin Malanville, inda ma'auni ke haura digiri 40. Man ciki sai ya tsinke, ya gauraya da iska, ya yi kumfa, kuma kumfa ba ta turje wa fistin. Mota da ta fito daga Guéné daram sai ta fara iyo tun ba a yi rabin hanyar Karimama ba. Maganin wannan cuta wani injiniya Bafaranshe ne ya samo shi, Christian Bourcier de Carbon, a farkon shekarun 1950: ya ɗura iskar naitirojin mai matsi a ƙasan bututun, ya raba ta da mai da wani fistin na biyu, sai matsin ya hana man yin kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus ya karɓi fasahar, a 1957 ta shiga motocin Mercedes. Ita ce asalin abin da masu shago ke kira shokozoba mai gas.

A gaban yawancin waɗannan motoci, shokozoba ba ita kaɗai take tsaye ba. An cusa ta cikin wata kakkaurar ƙafa, an naɗa mata sifirin a wuya, an ɗaure ƙasanta da gindin taya, samanta kuma da bodin mota ta hanyar wata roba mai boris a ciki, domin duka ƙafar ce ke juyawa idan an murɗa sitiyari. Ba'amurke Earle MacPherson ne ya tsara ta, ta kuma yi suna da motocin Ford Consul da Zephyr da aka nuna a Ingila a 1950. Golf da Celica da BMW da Peugeot duk ita ce a gabansu. Prelude ta shekarun 1990 ce ta bambanta, ita hannaye biyu ne, na sama da na ƙasa, ke riƙe da tayarta. Muhimmancin wannan bambanci ga mai mota shi ne, ƙafar MacPherson ita ce ke tsayar da taya a miƙe. Idan rami ya lanƙwasa ta ko da kaɗan ne, taya za ta kishingiɗa, ta riƙa cin gefe guda, kuma babu saitin da zai gyara ta sai an canza ƙafar.

Ramin kuwa ba ya wuyar samu. Hanyar Kandi zuwa Malanville hanyar manyan motoci ce: tireloli masu kayan tashar Kwatano, motocin auduga daga Banikoara da Kandi, motocin albasa da shinkafa, da na shanu ranar kasuwar dabbobi ta Guéné. Tun gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi suka gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA sun kafa dokar ƙayyade lodi mai lamba 14 a 2005, amma aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa shekaru. Abin da obalodi ke bari a kan kwalta shi ne kwari biyu inda tayoyi ke bi, da tudu a tsakiya. Babbar mota ba ta san da tudun ba. Motar tsere kuwa da cikinta take shafarsa. Ga tudun rage gudu a mashigar kusan kowane gari, ga ƙurar hunturu da ke manne wa sandar shokozoba tana cinye robar bakinta, ga taɓon damina da ke taruwa a mazaunin sifirin yana haifar da tsatsa.

A kan irin wannan hanya aka kawo motar da aka tsara don titunan Jamus da Japan. An gajarta mata sifirin, an ƙara masa tauri, an rage mata tazarar da taya ke da ita ta hawa da sauka, duk don kada ta karkata a kwana. Tun tana sabuwa ba ta da rarar da za ta yi asara. Da sifirin ya zauna da yatsa biyu saboda tsufa, sai ya zama kowane rami bugu ne kai tsaye a kan robar ƙarshe, in robar ta narke kuma ƙarfe ya daki ƙarfe. Daga nan sai tankin baƙin mai da ke ƙasan inji ya fara haɗuwa da duwatsu.

Wahalar gane mutuwar shokozoba ita ce ba rana ɗaya take mutuwa ba. A hankali take sanyi, direba kuma yana sabawa da ita ba tare da ya sani ba: ya fara rage gudu tun daga nesa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu in babbar mota za ta gifta, ya ce hanya ce ta lalace. Alamun suna nan ga mai lura. In an taka birki mota ta duƙa da goshi, in an ba ta wuta ta zauna da baya. Bayan an sauka daga tudu sai ta ƙara lilo biyu ko uku. Da dare hasken fitila na rawa sama da ƙasa. Mafi gaskiya a cikin shaidun ita ce taya: a shafa tafin hannu a kewayenta, in aka ji tudu da kwari a jere, to tayar tsalle take yi a kan hanya, ba birgima ba. Taya mai tsalle kuwa, a duk lokacin da take sama, birki ba shi da abin kamawa. Ranar da saniya ta faɗo titi daga kasuwa, wannan 'yar tazara ce ke raba tsayawa da karo.

Gwajin da kowa ya sani, a danna kusurwar mota a saki a ƙirga lilo, yana kama shokozobar da ta mutu murus ne kawai. A motar tsere ma ya fi yaudara, domin taurin sifirin ba ya barin hannun mutum ya motsa ta yadda ya kamata. Gara a ɗaga mota a duba da ido. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne wa a wuyan bututu ba abin tayar da hankali ba ne, amma man da ya zubo ya jiƙa jiki har ƙasa hukunci ne. Kamfanonin da ke ƙera ta sukan ba da shawarar canji a wajajen kilomita 80,000. Masu sayarwa ne, ana iya rage wa zancensu gishiri, sai dai lissafinsu na hanyoyin Turai ne, kuma mafi yawan motocin nan sun wuce wannan adadi tun kafin su hau jirgin ruwa.

Ba kowace ƙwanƙwasa ce ta shokozoba ba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Makanike mai gaggawa zai ji ƙara ya ce, "Alhaji, shokozoba ce," a saya a ɗaura, a fita, ƙara tana nan. Sau da yawa 'yar sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen hana karkata ce ta saki, ko bushin na hannun ƙasa ya tsage, ko robar saman ƙafa ta rabu. Kowace mota kuma da inda take ciwo. BMW E36 ta shahara da yage mazaunin shokozobar baya, a cikin but, har ƙarfen bodi ya tsage. Mercedes 190 da 'yar'uwarta W124, kwanon da sifirin gaba ke tokare da shi a sama ne tsatsa ke ci har ya ɓalle. Peugeot 205 GTI da 306 ba su da naɗaɗɗen sifirin a baya sam, sandunan ƙarfe ne masu murɗuwa a kwance, kuma abin da ke mutuwa shi ne boris na cikin gatarin. Duk Peugeot da aka hango daga baya kawunan tayoyinta sun sunkuya ciki, ciwonta ke nan, sabuwar shokozoba ba za ta taɓa shi ba.

In an tabbatar canji ya wajaba, sai kasuwa. Mafi rinjaye a wannan yanki kayan Beljiyam ake nema, wato waɗanda aka kwance daga motocin da suka mutu a Turai. Hujjar masu saye tana da ƙarfi: na asali ne, wanda kamfani ya ɗaura, ya fi sabon jabu. A kan kambun ƙafa ko hannun ƙarfe ko gilashin fitila, wannan magana gaskiya ce. A kan shokozoba ba ta tsaya ba. Ita kaya ce mai ƙarewa daga ciki, ido ba ya ganin abin da ya rage mata. Motar da aka kwance ta daga jikinta tsara ce ga wadda za a ɗaura wa, wataƙila ma ta fi ta cin hanya. Danna ta da hannu a bakin shago yana nuna akwai sauran gas, ba ya nuna yadda za ta yi in ta ɗau zafi. Mai saye yana musayar tsohuwa da tsohuwa ne, ya biya kuɗin aiki a kai.

Akwai kuma masu ɗuri. A huda bututu, a zubar da ragowar man, a ɗura man giya ko baƙin mai, a toshe da walda ko kusa, a fesa baƙin fenti. Mota takan yi tauri na 'yan makonni, mai ita ya ji kamar an yi aiki. Amma robar bakin da ta bari man farko ya tsere tana nan yadda take, farantan ciki da suka gaji ba a taɓa su ba, kaurin man da aka zuba kuma ba shi ne aka auna ƙofofin da shi ba. Ga direban tasha da ke neman ya kai ranar kasuwa, ana iya fahimtar uzurinsa. Ga motar da ke iya gudun da ya haura kilomita 180 a awa, gyaran gangar auzinawa ne. Akwai shokozoba da aka ƙera don a kwance a sabunta, irin wasu na Koni da Bilstein da tsofaffin ƙafafun Peugeot 504, amma wannan aiki ne na sabbin robobi da man da ya dace da awo, ba na ƙusa da guduma ba.

Sabuwa ta gaskiya, KYB ta Japan, Sachs ko Bilstein na Jamus, Monroe ta Amurka, ita ce mafita, in an same ta. Samun ne aiki, domin kwalin da aka fi kwaikwaya shi ne wanda ya fi suna. Mai mota a Guéné yana tsakanin kasuwanni biyu. Ta kudu akwai Parakou da Kwatano, inda kayan Turai ke zuwa da farashin da canji bai cika girgiza shi ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Ta gabas akwai Najeriya, daga Kamba da Birnin Kebbi har Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas da Nnewi, inda faɗuwar naira tun daga 2023 ta sa mai sefa ke ganin araha. Rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya ƙara dagula lissafi: Benin ta buɗe nata gefen a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma kwalekwale, kasuwar da ta saba cika ta yi sanyi. A irin wannan yanayi, dillalin da zai karɓi kayansa in ba su yi ba ya fi kwali mai ƙyalli daraja. Kuma da lambar shasi mai harufa 17 ake yin oda. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa, domin Golf 3 mai ƙaramin inji da GTI da mai dogon baya duk Golf 3 ne, amma ƙafafunsu ba ɗaya ba ne.

Sifirin ya fi shokozoba tsawon rai, amma shi ma yana gajiya. Motocin da suka yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan iso da tsatsa a naɗin ƙarshe, inda ruwa ke kwanciya, kuma nan ne yake karyewa, sau da yawa ba tare da direba ya ji ba. Awo mai sauƙi ne: a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama. In gefe ya fi gefe da abin da ya wuce yatsa guda, akwai magana. Kamfanoni irin su Volkswagen sukan ɗiga fenti mai launi a jikin sifirin don nuna ƙarfinsa. Wanda ya kankare laka ya ga ɗigon, ya riƙe shi, ya huta da gardamar mai shago.

Sai babbar tambaya, wadda ake yi a kowane gareji daga Kandi zuwa Gaya: a ɗaga ta ko a bar ta? Samari masu kallon hotunan Turai a waya wani lokaci ma so suke a ƙara sauke ta, a yanke naɗi guda ko a gasa sifirin da wutar walda har ya zauna. Gashi yana kashe ƙarfen, zai ci gaba da zama har ya karye. Yanka kuma yana cinye 'yar tazarar da ta rage. Masu ɗagawa su ma suna da nasu ɓarnar. A yanko tsohuwar taya a cusa tsakanin naɗi, ko a ɗauko sifirin motar lodi a tura. Mota ta tashi, gaskiya ne, amma shokozoba ta miƙe har ƙarshenta, ba ta da sauran tazarar sauka, kowane rami sai ta fizgi kanta. Sandunan da ke juya tayoyin gaba sun karkace fiye da kima, robobinsu na yagewa. Sifirin mai ƙarfi a kan shokozoba mai laushi kuwa lilo yake ƙarawa.

Amsar tana cikin tarihin motar da yankin nan ya fi sani. Peugeot 504 ta fito a 1968, aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har tsakiyar shekarun 2000, kuma har yau tsofaffin direbobi ba su daina yabon ƙafarta ba. Sirrinta doguwar tazara ce da sifirin mai sassauci da shokozoba da Peugeot ke ƙerawa da kanta daidai da shi. Mai dogon baya har sifirin huɗu gare ta a gatarin baya, biyu kowane gefe, saboda lodi. Da 504 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975. A 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya cinye ta da 504 Coupé mai inji V6, wadda motar tsere ce ta sosai, ya kuma haɗa da gasar Bandama ta Kodebuwa a shekarar. Celica ma ta ci Safari shekara huɗu a jere, daga 1992 zuwa 1995. Duk waɗannan motoci, da za su shigo hanyoyin Afirka, ɗaga su aka yi, aka ƙara musu tazara, aka sa musu shokozoba mai jure zafi. Babu wanda ya sauke su.

Kamfanonin ma sun san da haka. Volkswagen da BMW suna da tsarin ƙafafu na musamman don ƙasashe masu munanan hanyoyi, wanda ke ɗaga mota da santimita ɗaya zuwa biyu, da kayan da aka auna tare. Mercedes 190 da W124 suna da robar saman sifirin gaba mai kauri huɗu, milimita 8 da 13 da 18 da 23, mai mota na iya hawa mataki ba tare da ya ɓata komai ba. Sandunan bayan Peugeot ana iya zare su a mayar a wani haƙori. Abin da ya dace da hanyar Guéné ke nan: a mayar da mota tsayinta na asali, in za a ƙara a ƙara kaɗan ta hanyar da aka tanada, a sa shokozoba mai gas wadda aka yi don wannan sifirin. Sau da yawa ma sabon sifirin na asali kaɗai yana dawo da yatsu biyun da ake nema. Motar za ta ɗan rage zafin kwana a kan kwalta mai santsi, amma irin wannan kwalta nawa ce tsakanin Goungoun da Karimama?

Aikin kansa ya cancanci mai mota ya tsaya a kai. An jinge mota, an sa mata gungume ko ƙarfen tsaro, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne a kan rairayi. An cire taya, an kwance tiyon birki daga jikin ƙafa, an saki manyan kusoshin ƙasa, an saki ƙananan notina na sama a ƙarƙashin bonet, ƙafar ta fito gaba ɗaya. Yanzu tana kwance a ƙasa, sifirin a matse tsakanin kwanon ƙasa da na sama, noti guda ɗaya a tsakiya ke riƙe da shi. Ƙarfin da ke cikinsa ya kai na ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance notin nan ba tare da ya matse sifirin ba, kwanon zai tashi da ƙarfin da ke fasa fuska. Abin matsewa ƙarfe biyu ne masu zare da ƙugiya, ana kama su hannun riga da juna, ana ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har sifirin ya saki kwano.

A garejin da babu wannan ƙarfe, igiya ake sawa ko waya, ko a sa yara biyu su danne da ƙafa, maigida na cewa, "Riƙe da kyau, kada ka saki!" Yaron da ke durƙushe a saitin kwanon ɗan wani ne da aka kawo koyon sana'a. Kuɗin abin matsewa bai kai na shokozoba guda mai kyau ba, kuma mai motar da ya iya sayen kayan Jamus ya iya cewa ba za a taɓa motarsa ba sai da shi. Na Mercedes ma daban ne, ta cikin sifirin ake zura shi, domin sifirinta dogo ne ƙwarai, a ware yake da shokozoba, na waje yakan zame.

Sauran ƙa'idojin ƙanana ne, amma su ke raba aikin shekara biyar da na wata biyar. Ba a kama sandar shokozoba mai sheƙi da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka robar baki. Robar sama da boris ɗinta da robar ƙarshe da rigar ƙura duk sabbi ake sawa, tunda an riga an buɗe, kuma rigar ƙura a ƙasar hunturu ba ado ba ce. Bakin sifirin yana da gurbinsa a kwano, dole ya zauna a ciki. Biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama, ko da ɗaya ce ta zubar da mai, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe a birki. Kusoshin da suka ratsa bushin kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta tsage kafin damina ta zagayo. Daga nan sai saitin ƙafafu. Na zare da ake yi a bakin hanya yana iya daidaita bakin tayoyi ya kai mutum gari, amma kishingiɗar taya sai na'ura, ko da hakan na nufin tafiya babban gari. Takardar binciken lafiyar mota ta hukumar CNSR ba ta ɗauke wa kowa wannan nauyi.

Wasu masu mota sukan dawo bayan kwana biyu suna ƙorafi: "Malam, motar nan ta yi tauri, da ta fi laushi." Laushin da suka saba da shi lilo ne. Makanike na ƙwarai zai ce a ba ta mako guda, a kuma gwada birki a fili, a ji yadda take tsayawa ba tare da ta duƙa ba. Bayan 'yan kwanaki a koma a sake bin kusoshi da sifana.

Tsofaffin da aka cire kuma kada a bar su a gareji. Waɗanda aka bari su ne ake wankewa da fetur, a fesa musu fenti, su koma shago a matsayin kayan Beljiyam, wani ya saya ya ɗaura wa motar haya mai fasinja tara. Kada kuma a miƙa wa yara masu tara ƙarafa ko maƙera haka nan. Matsin da ke cikin mai gas mai bututu ɗaya yakan haura bar 20, alhali tayar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka, kuma in ta shiga wutar maƙera fashewa take yi. Makanike ne zai huda ta da ƙaramin dirili ta wajen gindi, idonsa a kare, gas ya fita, ya sake hudawa a sama ya tsiyaye man a galan, sannan a auna ƙarfen a kilo.